Wake da shinkafa: yadda ƙananan garuruwan karkarar Katsina ke jefa ƙuri'a

Tun bayan rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a ranar 13 ga Yulin 2025, tambayar da ta fi yawo a majalisun hira da shirye-shiryen siyasa na rediyo ita ce ina ƙuri'un karkarar Arewa za su nufa a 2027. Duk ɗan siyasar da ya sauya sheƙa, abin da yake fara faɗa shi ne ya taho da jama'arsa. Masu lissafi kuma suna ƙirga garuruwa kamar damman gero a rumbu, wannan na wane ne, wancan na jam'iyya kaza ne tun kaka da kakanni. Wanda ya zauna ya duba sakamakon zaɓen 2023 a jihar Katsina, mahaifar shi Buharin, zai ga cewa lissafin bai kai haka sauƙi ba.

Abin da ya faru cikin mako uku

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar Katsina da ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. Tazarar 6,762 ce kacal, amma ta girgiza mutane, domin jihar shugaban ƙasa mai ci ce, wadda shekara huɗu kafin nan ta ba Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.2. A wannan ranar, a waɗannan rumfunan, APC ta kwashe kujerun sanata uku na jihar, PDP kuma ta ɗauki wasu daga cikin kujerun majalisar wakilai. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Radda na APC ya zama gwamna da ƙuri'a 859,892, Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP ya tashi da 486,620.

Fassarar da aka fi ji a lokacin ita ce mutane sun yi fushi a Fabrairu, sun huce a Maris, sun juyo. Alƙaluman suna nuna wani abu dabam. Tsakanin zaɓukan biyu ƙuri'un PDP sun ragu da 2,425 ne kawai, kusan yadda suke haka suka tsaya. Na APC ne suka ƙaru da 377,609. In aka waiwaya 2019 ma haka zancen yake: daga abin da Buhari ya samu zuwa abin da Tinubu ya samu an rasa ƙuri'a kusan dubu 750, alhali abin da PDP ta ƙaru da shi bai wuce dubu 181 ba, Rabi'u Kwankwaso na NNPP kuma ya ɗauki kusan dubu 70. Sauran fa? Suna gida.

Jimilla tana ɓoye abubuwa, wannan gaskiya ne. Akwai waɗanda suka zaɓi Atiku a Fabrairu suka zaɓi Radda a Maris, akwai kuma waɗanda suka bi Kwankwaso da farko suka koma wajen Lado daga baya, irin wannan musayar tana iya cike gurbin juna ba a gani ba. Duk da haka, ƙarin ƙuri'a kusan dubu 380 ba zai fito daga musaya kaɗai ba. Dole akwai ɗimbin mutanen da ba su taka rumfar zaɓe ba a karon farko, suka fito a karo na biyu.

Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. In aka cire birnin Katsina, Funtua, Daura, Malumfashi da Dutsin-Ma, sauran akasari garuruwan manoma ne, masu kasuwar mako ɗaya, firamare ɗaya ko biyu, da masallacin Juma'a. Saboda haka wannan hawa da saukar alƙaluma a irin waɗannan garuruwan aka yi shi, kuma a can ya kamata a nemi dalilinsa.

Kalmomin bakin akwati

Mazaɓa ita ce yankin da kansila ɗaya ke wakilta, kuma ita ce matakin farko da ake tattara sakamako. A ƙarƙashinta ake da rumfunan zaɓe, waɗanda jama'a suka fi kira akwati. A 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara yawansu a faɗin ƙasa zuwa 176,846. Idan ɗan siyasa ya ce wane "ya ci akwatinsa", yana nufin jam'iyyar wannan mutumin ta yi nasara a rumfar unguwarsu, kuma da wannan ake auna nauyinsa idan an zo rabon muƙami.

"Sak" na nufin a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Kalmar ta yi tashe a 2015, lokacin da guguwar Buhari ta ɗauki 'yan takarar da ko a unguwarsu ba a san su sosai ba ta kai su majalisa. Kishiyarta ita ce "wake da shinkafa", wato a zaɓi shugaban ƙasa a wannan jam'iyya, sanata a waccan, gwamna a wata. Masu goyon bayan wannan salon suna kiransa zaɓen cancanta. Shugabannin jam'iyya kuwa, idan nasu ne ya yi shi a ɓoye, zagon ƙasa suke kiransa.

Akwai kuma kalmar da ba ta cikin dokar zaɓe amma ita ce ƙashin bayan komai, wato uban gida. Shi ne mutumin da idan matarka ta kwanta asibiti, ko ɗanka yana neman gurbin karatu, ko 'yan sanda sun kama ƙaninka, ƙofarsa za ka nufa. Shi ma yana da nasa uban gidan a hedikwatar ƙaramar hukuma, wancan kuma yana da nasa a Katsina ko Abuja. Abin da 'yan siyasa ke kira tsari, ko su ce wane yana da jama'a, wannan igiyar ce.

Ba yau farau ba

Raba ƙafa tsohuwar ɗabi'a ce a wannan yankin. A 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar jihar Kaduna, masu zaɓe sun ba Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna a kan Lawal Kaita na NPN, wanda ɗan Katsina ne, sannan suka cika majalisar jiha da 'yan NPN. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin. Talakan da ya zaɓi PRP a sama yana neman sauƙin haraji da jangali, waɗanda gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke. A ƙasa kuwa ya zaɓi ɗan gidan da ya sani, wanda sau da yawa yana da alaƙa da sarauta ko attajiran gari.

Tushen wannan rarrabuwar ya koma shekarun 1950, zamanin jam'iyyun NPC da NEPU. NPC ta jingina da hukumar En'e, wadda ke riƙe da 'yan doka, kotunan alƙalai da gidajen yari, don haka a ƙauye bin NEPU ta Malam Aminu Kano abu ne da ake biya da ɗauri ko tara ko ƙaura. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ragowar wannan ikon, amma tunanin cewa gari yana da gidajen sarauta da gidajen 'yan sawaba, wato magoya bayan NEPU, bai mutu ba. Har yau akwai garuruwan da in ka bi tarihin gidaje biyu masu gaba a siyasa, za ka tarar kakanninsu ne suka fara. Jam'iyyu sun sha sauya suna, gidajen nan suna nan inda suke, idan wannan ya shiga jam'iyya wancan sai ya fita.

Misalin da ya fi kusa da 2023 shi ne na 2011. Buhari, a ƙarƙashin CPC, ya ci jihar da rata mai yawa a zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilu. Kwana goma bayan nan Ibrahim Shema na PDP ya koma kujerar gwamna, ya kayar da Aminu Bello Masari na CPC, a lokacin da jam'iyyar ke fama da rikicin wane ne halastaccen ɗan takararta tsakanin Masari da shi Lado Ɗanmarke. Wato ko a tsakiyar farin jinin Buhari, son da ake yi masa bai zama gadon jam'iyya kai tsaye ba. Shekarun "sak" na 2015 da 2019 su ne baƙi a tarihin jihar.

Wa ke fito da mutane

A ƙaramin gari ranar zaɓe tana farawa tun daren jajibere. A zauren shugaban jam'iyya na mazaɓa ake raba aiki: wa zai tsaya ejan a kowane akwati, wa zai kula da 'yan acaɓan da aka zuba wa mai don ɗauko tsofaffi daga ƙauyuka da rugage, wace ce za ta bi gida-gida ta fito da mata. Da safe ana jingina teburi a barandar firamare ko a gindin bishiya, layin maza daban, na mata daban. Jami'in zaɓe, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne da ba ya jin Hausa sosai, yana riƙe da na'urar BVAS yana tantance yatsa ko fuska. Can gefe akwai wani mai littafi da biro, yana duba fuskoki yana yin alama. Shi ba ma'aikacin INEC ba ne. Kafin azahar ya san gidan da bai fito ba, kuma za a aika yaro ya je ya ji ko lafiya.

Da an gama jefawa sai a juye akwati a gaban kowa, jami'i yana ɗaga takarda jama'a suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi. A rubuta sakamako, ejan-ejan su sa hannu, a ba kowa kwafinsa. Kafin magariba labarin abin da wannan rumfar ta bayar ya kai hedikwatar ƙaramar hukuma, kafin isha ya kai Katsina.

A nan ne bambancin birni da ƙauye yake. Doka ta rufa wa mutum ɗaya asiri, ba a dawo da zamanin ƙato bayan ƙato na farkon shekarun 1990 ba, lokacin da ake yin layi a bayan hoton ɗan takara. Amma rumfa ba ta da sirri. A unguwar birni mai baƙi da 'yan haya, sakamakon rumfa bai nuna kowa ba. A ƙauyen da rumfarsa ɗaya ce, kuma kowa ɗan'uwan kowa ne, sakamakon rumfa sunan garin ne. Dattawa sun san cewa da wannan takardar za a karɓe su idan suka je neman taransifoma, ko gyaran rijiyar burtsatse, ko kason takin gwamnati. Shi ya sa kafin zaɓe ake yawan zama a ce "mu haɗa kai mu yi abu ɗaya", kuma wanda ya ƙi ana ganinsa a matsayin mai ja wa gari.

Mai unguwa da dagaci da hakimi a hukumance ba 'yan siyasa ba ne, kuma kundin tsarin mulkin 1999 bai ba su wani aiki a rubuce ba. Sai dai albashinsu da rawaninsu suna ƙarƙashin gwamnatin jiha. Da wuya ka ji mai gari ya ce a zaɓi wane. Ya isa a ga wanda ya tarba har bakin gari da wanda ya bar wa wakili. Liman ma haka, huɗubarsa takan tsaya a kan a zaɓi mai amana, masu sauraro kuma sun san mai amanar da ake nufi. A garin da ke da masallacin Izala da zawiyyar ɗarika, kowane ɗan takara yakan tabbatar ya gaida duka biyun.

Wannan injin ɗin ba ya tashi da kansa. Yana buƙatar mai, yana kuma buƙatar masu tuƙa shi su ga nasu amfanin. Kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha, mai ba gwamna shawara, duk rayuwarsu ta siyasa a wuyan gwamna take rataye. Idan shugaban ƙasa ya faɗi za su ji zafi, idan gwamna ya faɗi kuwa tukunyarsu ce ta fashe. Ba abin mamaki ba ne a ga sun fi zage damtse a zaɓen Maris.

Inda masu sharhi suka rabu

Bayani na farko kan bambancin da aka gani tsakanin Fabrairu da Maris na 2023, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne na canjin kuɗi. Babban bankin ƙasa ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, wa'adin daina karɓar tsofaffin ya faɗo a ranar 10 ga Fabrairu, mako biyu kafin zaɓe. A karkara, inda ƙananan hukumomi da dama ba su da reshen banki ko ɗaya, abin ya zama bala'i. Manomi ya kai buhun masara ko akuya kasuwa, mai saye ya ce sai dai tiransifa, shi kuwa ba shi da asusu, ko yana da shi babu sabis. A wajen mai POS ana sayen kuɗi da kuɗi, layi tun asuba. Ga ƙarancin man fetur a kai. Ranar 3 ga Maris, tsakanin zaɓukan biyu, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Masu wannan ra'ayin suna cewa mutane sun hukunta gwamnatin tarayya a Fabrairu, wasu da ƙuri'a, mafi yawa da ƙin fita, sannan suka ware gwamnatin jiha daga laifin.

Wasu sun yarda cewa kuɗin ne, amma ta wata fuskar. A ganinsu ƙarancin takardun ya hana 'yan siyasa abin da suke kira kayan aiki, wato kuɗin mai, kuɗin ejan, da na hannu da ake miƙa wa mai zaɓe. Da kuɗi suka fara dawowa sai layuka suka cika. Sayen ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi wannan zaɓen da ita, da tarar da ta kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, amma kowa ya san ana yi, da kuɗi, da taliya, da sabulu, da turmin atamfa. Raunin wannan bayanin shi ne manyan jam'iyyun biyu duk suna rabawa, kuma mutane da yawa suna karɓar na kowa su zaɓi wanda tun farko suka yi niyya. Abin da kyautar ta fi yi shi ne ta ɗaga mutum daga tabarmarsa ta kai shi layi. Ta kuma zama shaidar cewa ɗan takara ya san da zaman gidan, domin a ƙauye a tsallake ƙofarka lokacin rabo raini ne, ko da abin da ake rabawar bai taka kara ya karya ba.

Bayani na uku na yanki ne. A karon farko APC ta tsayar da ɗan Kudu, wato Tinubu, Atiku da Kwankwaso kuma 'yan Arewa ne, ana ta kiran "naka sai naka". Tikitin Musulmi da Musulmi na Tinubu da Kashim Shettima, da goyon bayan wasu malamai, ya rage kaifin wannan kiran, amma bai kashe shi ba. Mai wannan ra'ayin zai nuna Sakkwato, Kebbi, Yobe, Gombe da Kaduna, inda Atiku ya ci a Fabrairu, APC ta ci gwamna daga baya. Sai dai Zamfara, maƙwabciyar Katsina, ta yi akasin haka: Tinubu ya ci a Fabrairu, sannan Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci Bello Matawalle a Maris. Batun yanki ba zai iya bayyana wannan ba. Abin da ya haɗa Zamfara da Katsina shi ne a duka biyun mai zaɓe ya ɗauki zaɓukan a matsayin tambayoyi biyu mabambanta.

Sannan akwai rikicin cikin gida, wanda na nesa ba ya gani. Mustapha Inuwa, tsohon sakataren gwamnatin jiha, ya bar APC bayan zaɓen fid da gwani na 2022 ya koma PDP da magoya bayansa. A ɗaya ɓangaren, tsagin tsohon gwamna Shema bai jitu da takarar Lado ba, kuma shi Sheman ya koma APC bayan zaɓe. A matakin ƙauye irin wannan saɓanin yana nufin shugaban mazaɓa ɗaya zai iya yi wa Atiku aiki da gaske a Fabrairu, ya naɗe hannu a Maris, ko ma ya yi wa ɗaya ɓangaren.

'Yan adawa kuma suna da nasu ƙorafin, cewa a zaɓen gwamna an yi amfani da ƙarfin gwamnati, da ƙauraye, da matsin lamba a kan masu sarauta. Wasu masu nazari suna ƙarawa da cewa faɗuwar alƙaluma daga 2019 zuwa 2023 tana da nasaba da BVAS, wadda ta toshe hanyar jefa ƙuri'a ba tare da tantancewa ba, kuma a ƙasa baki ɗaya fitowar masu zaɓe ta sauka daga kusan kashi 35 cikin 100 zuwa kusan kashi 27. Wannan yana iya bayyana wani ɓangare na raguwar. Amma da wannan na'urar aka yi zaɓen Maris, alƙaluma kuma suka hau. Babu ɗaya daga cikin bayanan nan da ya isa shi kaɗai, sai dai dukkansu suna komawa wuri ɗaya ne: wa ya fito, kuma wa ya fito da shi.

Mata, 'yan ci-rani da waɗanda aka tasa

Matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, kuma 1979 ne babban zaɓensu na farko. Yau a rumfunan karkara da yawa layinsu ya fi na maza tsawo. Ana yawan cewa mace tana zaɓen abin da mai gida ya ce ne. Wani lokaci haka ne, amma shugabar mata ta mazaɓa tana shiga ɗakunan da ɗan takara namiji ba zai taɓa shiga ba, tana kuma magana a gidan biki da gidan suna da wajen adashi. 'Yan siyasa sun daɗe da gane cewa alƙawarin da mata suka ɗauka ya fi na majalisar maza tabbata, shi ya sa kaso mai yawa na kayan rabo can yake tafiya.

Dalilin gajartar layin maza kuwa yana da alaƙa da kalanda. A 2019 da 2023 an yi zaɓe a Fabrairu da Maris, tsakiyar rani, lokacin da samarin ƙauye suke Abuja, Legas, Fatakwal ko Kano suna acaɓa, gadi, dako, sayar da ruwa. Katinsu na gida ne. Zuwansu ya dogara da kuɗin mota, ko motar da wani ɗan takara ya aika. A Fabrairun 2023, babu takardar kuɗi babu mai, da yawa ba su ko gwada ba.

A ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu da iyakokin Zamfara da Kaduna, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, akwai ƙari a kan wannan. Nan ne aka sace ɗaliban sakandaren Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, nan ne aka katse layukan waya a 2021 aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun koma hedikwatar ƙaramar hukuma ko birni. Rumfarsu tana nan a takarda, su ba sa nan. Mutumin da rashin tsaro ya fi cuta, shi ne kuma wanda ya fi wuya ya kai ƙorafinsa akwati.

Abin da gari ke samu da abin da yake rasawa

Haɗa kai a yi abu ɗaya yana da riba. Garin da ya kawo akwatunansa cif yana da bakin magana, kuma ɗansa yana iya samun muƙami, ta nan kuma ake samun aikin titi, ajujuwa ko ɗaukar 'yan sa-kai. Illarsa ita ce garin da aka tabbatar ba ya zuwa ko'ina ana iya mantawa da shi, domin ba a yi wa kaza ta gida tarko. Garin da ya yi adawa ya faɗi kuwa yana iya shekara huɗu yana kallon ayyuka suna wuce shi. Wake da shinkafa wata dabara ce ta rage wannan haɗarin, ta yadda duk wanda ya ci, garin yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Idan aka auna ɗan majalisa da yawan buhunan da ya raba da azumi da kuɗin asibitin da ya biya, to aikin da aka aike shi, na yin doka da bin diddigin kasafin kuɗi, babu mai tambayarsa. Shi ma ya san haka, don haka yana tara abin rabo ta duk hanyar da ya samu. Mai zaɓe ba wauta yake yi ba, yana zaɓen abin da idonsa ya gani ne a wurin da gwamnati ba ta cika zuwa da ƙafarta ba. Amma sakamakon shi ne asibitin garin yana nan babu magani, ana ci gaba da zuwa gidan honorabul neman kuɗin magani.

Gwamnatin da ta fi kusa da ɗan ƙauye ita ce ƙaramar hukuma, kuma a nan ne ƙuri'arsa ta fi rashin nauyi. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya wannan zaɓen, kuma kusan ko'ina a Nijeriya jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujeru, kamar yadda APC ta ɗauki duka 34 a Katsina a Fabrairun 2025. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi, zai iya sauya lissafin idan aka aiwatar da shi sosai, domin shugaban da ke riƙe da kuɗinsa zai zama uban gida mai zaman kansa. Muddin gwamna ne ke tsayar da shi, igiyar tana nan a hannu ɗaya.

Game da 2027, abubuwan da suka shiga tsakani suna da nauyi: cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, zanga-zangar Agustan 2024, rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a Oktoban 2023, da haɗakar 'yan adawa da ta rungumi jam'iyyar ADC a Yulin 2025. Babu Buhari da za a ɗaga hannunsa a ce sak. Idan wani jigo ya ce ya sauya sheƙa da mutum dubu kaza, abin dubawa shi ne ko shugabannin mazaɓu da shugabannin mata sun bi shi, domin su ne masu littafi da biro a bakin akwati. Idan kuma sakamako ya fito, lambar da ta fi ba da labari a takardar kowace rumfa ita ce ta waɗanda aka tantance, a gwada ta da ta masu rajista.

Ga ɗan ci-rani da wanda 'yan bindiga suka tasa daga garinsu, doka ta ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune, ta ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ta shafinta na intanet, a lokacin da aka buɗe rajista. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta tanadi rufe wannan ƙofar aƙalla kwana 90 kafin ranar zaɓe. Wanda ya mayar da katinsa Abuja ko Legas zai iya zaɓen shugaban ƙasa a can, amma ya fita daga lissafin akwatin garinsu, kuma wannan ne ya sa dattawan gari da yawa ba sa son 'ya'yansu su yi hakan.